Ungulu ta ɓace, babu wanda ya rubuta ranar: tarihin kallon tsuntsaye a arewacin Zamfara

Ka tambayi duk wanda ya haura shekara 40 a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ko ya tuna lokacin da ungulu ke cika kwata. Zai ce maka ƙwarai kuwa. Zai ba ka labarin yadda suke jeruwa a kan katanga suna jiran mahauta su watsar da abin da ba a so, yadda yara ke korar su, su yi tsalle biyu su dawo. To, sai ka ƙara masa tambaya ɗaya: a wace shekara suka daina zuwa? Nan magana take tsayawa. Wani ya ce zamanin Babangida ne, wani ya ce a'a, har bayan dawowar mulkin farar hula yana ganin su. Kowa ya yarda an yi rashi, amma babu shekarar da za a ɗora yatsa a kai.

Ba wai mutanenmu ne ke da saurin mantuwa ba. Haka ɗan Adam yake ko'ina. Abin da ya auku rana ɗaya, kamar gobara ko ambaliya, ana riƙe shekararsa, har a riƙa ƙirga shekarun yara da shi. Abin da ke zarewa kaɗan-kaɗan kuwa, sai ya ƙare kafin a farga. A 1995 wani masanin kifi mai suna Daniel Pauly ya yi bayanin wannan: kowane rukuni na masu tasowa yana ɗaukar abin da ya tarar yana yaro a matsayin yadda duniya take tun asali. Yaron da aka haifa a Shinkafi a 2010 ba zai ji ya rasa komai ba. A wurinsa ungulu ta fi kusa da karin magana a kan tsuntsuwa mai numfashi.

Maganin irin wannan mantuwa yana da arha: suna, wuri, rana, a rubuce. Tarihin waɗanda suka yi wannan rubutu a ƙasar Hausa nake so mu bi, da abin da suka gano, da dalilin da ya sa nake ganin yau tsakar gida ce wurin da aikin ya rage a ƙasar da ke tsakanin gulbin Gagare da na Bunsuru.

Kundin da ke bakin mutane

Tun kafin wani ya zo da alƙalami, Bahaushe yana da nasa kundin, wato sunaye. Kurciya daban, hazbiya daban, bardo daban, ko da yake duk dangi ɗaya ne. Hazbiya ita ce mai jan fata kewaye da ido da ɗige-ɗigen fari a fiffike. Bardo shi ne ɗan ƙarami mai doguwar jela, namijin da baƙar fuska. Ga shirwa, ga shaho, ga mikiya. Ga cilakowa da burtu, ga carki a bayan saniya, ga balbela a ƙafarta, ga ragon maza da ke rarrafe cikin ciyawa kamar tashi wahala ne. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai tarar da sunayen tsuntsaye birjik, har da bambancin kari: inda Bakano ya ce ungulu, mutanen yamma suna iya cewa angulu ko kolo.

Sunayen nan ba a banza aka raɗa su ba. Tsuntsun da ya taɓa gona, ko tukunya, ko yake ɗauke da wata alama, shi ke samun suna na kansa. Jan-baki ya samu domin yana iya tashin gonar gero ko shinkafa a 'yan kwanaki. Fakara da zabo sun samu domin miya. Ƙananan masu ruwan ƙasa da ke tsalle cikin ƙaya kuwa, akasari a dunƙule ake kiran su, ƙananan tsuntsaye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansu, domin a cikinsu ne baƙin Turai suke ɓuya.

Shamuwa ita ce misali mafi kyau na ilimin da ke bakin manomi. Tana sauka wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kukar da ke cikin gari, kuma ba a taɓa ta. Da an gan ta, a fara gyaran gona. Kimiyya ba ta ƙaryata wannan ba, dalili kawai ta ƙara. Akwai layin da iska mai laima daga Tekun Atlantika ke haɗuwa da busasshiyar iskar Sahara, kuma layin yana hawa arewa a bazara, ruwa na biye da shi. Inda ruwa ya sauka, fara da tsutsa suna fitowa, su ne abincin shamuwa. A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike daga Denmak sun ɗaura wa shamuwoyi na kudancin Nijar na'urar da tauraron ɗan Adam ke bibiya. Bayan damina sai aka ga tsuntsayen sun tsallake tsakiyar Afirka sun sauka Tanzaniya, har akwai wadda ta kai Zimbabuwe. Wato shamuwar da ke kan tsamiyar Zurmi damina biyu take ci a shekara: tamu, da ta kudancin Afirka.

Abin da kundin baka ba ya riƙewa shi ne lamba. Ya san shamuwa na zuwa kafin ruwa, amma bai adana ranar da ta sauka a 1975 ba, balle a gwada da ta bana.

Zamanin bindiga da fata

Matafiyan Turai na farko ba tsuntsu ya kawo su ba. Heinrich Barth ya bi ta Zurmi a 1853 a hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno, amma hankalinsa na kan garuruwa da kasuwanci da tarihin sarauta. Sai a 1885 aka sami masanin tsuntsaye na sosai ya tako ƙasar nan. Sunansa Ernst Hartert, Bajamushe, yana da shekara 26. Yana cikin tawagar Eduard Flegel da ta hau Neja da Binuwai, kuma shi da Paul Staudinger aka tura arewa da wasiƙu da kyaututtukan Sarkin Jamus zuwa ga Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba. Siyasa ce da neman kasuwa, domin Jamusawa na tsere da kamfanin Ingilishi, wanda wakilinsa Joseph Thomson ya riga su isa fadar a wannan shekarar. Sun bi ta Keffi da Zariya da Kano, suka ratsa ƙasar Zamfara ta Ƙaura, suka kai Sakkwato da Gwandu. A lokacin Ƙaura ba ƙaramin gari ba ne a daular: Sarkin Musulmi Umaru kan zauna a wannan yanki, kuma a Ƙaura ya rasu a 1891.

Hartert ya wallafa abin da ya gani na tsuntsaye a wata mujallar Jamus a 1886. Daga baya ya zama mai kula da gidan adana tsuntsaye na attajiri Walter Rothschild a garin Tring na Ingila, daga 1892 zuwa 1930, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan masana fannin a duniya.

Yadda ake kallon tsuntsu a wancan zamani zai ba mai karatu mamaki. Babu kyamarar kirki, babu littafin hotuna na aljihu. Harbi ake yi. A feɗe fatar da gashinta, a shafa mata sabulu mai guba don kada ƙwari su ci, a cusa auduga, a ɗaura wata 'yar takarda a ƙafa. Ni dai ba na jin daɗin hoton a raina, amma gaskiya ita ce wannan 'yar takarda ta fi fatar daraja, domin a kanta aka rubuta gari da rana. Maharba da 'yan dako na gida su suka san inda kowane tsuntsu yake kwana, su suka yi rabin aikin, sai dai ba kasafai sunansu ke hawa takardar ba.

A 1920 Rothschild ya tura wani mutumin Sikotlan, Angus Buchanan, ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Damargu har Agadas da duwatsun Azbin yana tara tsuntsaye. Hartert ne ya tantance su a Tring. A 1932 Rothschild ya shiga matsin kuɗi ya sayar da fatun tsuntsayensa kusan 280,000 ga wani gidan tarihi a birnin Niyok. Ka ga ke nan, mai son ganin tsuntsayen da aka tara a arewacin Kano shekara 100 da suka wuce, bizar Amurka zai nema.

Hatta sunan shamuwa na kimiyya, Ciconia abdimii, daga wannan zamani ya fito. An raɗa shi a 1823 don girmama Abdin Bey, gwamnan da Masar ta naɗa a arewacin Sudan, wanda ya taimaki wasu matafiya Jamusawa. Tsuntsuwar da kowane yaro a Zamfara ya sani, a littattafan duniya sunan wani gwamna take amsawa.

Lokacin da aka ajiye bindiga

Sauyi ya zo ne da tabarau mai hangen nesa da littafin aljihu. A 1960 John Elgood, malami a jami'ar Ibadan, ya fitar da wani ɗan littafi, Birds of the West African Town and Garden, a kan tsuntsayen gari da na lambun gida. Muhimmancinsa shi ne ya nuna cewa abin da ke bayan ɗakinka ma ya isa a yi nazari. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya, da 'yar mujallarta, wadda a 1979 ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, mujallar ta koma Malimbus. Yawancin masu rubutu a ciki ba ƙwararru ba ne. Malaman makaranta ne da ma'aikata da likitoci, suna rubuta abin da suka gani da safe kafin su tafi aiki. A Zariya akwai Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano akwai Bob Sharland, wanda ya shafe shekaru yana kama tsuntsaye da raga yana sa musu zobe a ƙafa yana saki.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Peter Mundy, malamin makaranta a Sakkwato a farkon shekarun 1970. Shi da abokinsa A. W. Cook sun rubuta jerin tsuntsayen Sakkwato, kuma suka duƙufa a kan tsuntsaye biyu da kowa ya raina: ungulu da hankaka. A nan ne labarin ya yi daɗi.

Kowa ya san karin maganar nan, hankaka mai da ɗan wani naka. Fassarar da aka saba ji ita ce hankaka ɓarawo ne, yana ɗauko na wasu ya mayar nasa. Mundy da Cook sun riƙa hawa bishiya suna leƙa sheƙar hankaki, kuma a 1977 suka wallafa abin da suka tarar. Hankaka na yin ƙwansa kamar kowane tsuntsu. Amma akwai wani tsuntsu daga dangin kuku, mai tukku da doguwar jela da ɗige-ɗigen fari a baya, Clamator glandarius, wanda ba ya gina sheƙa sam. Macen tana faƙon idon hankaka ta saka ƙwanta a cikin nasa. Ƙwan nata yana riga na mai gida ƙyanƙyashewa da 'yan kwanaki, don haka ɗanta ya riga su buɗe baki, ya riga su girma. Hankaka ya yi ta ɗawainiya da ɗan da ba nasa ba.

To ka gani. Karin maganar ta faɗi gaskiya, akwai ɗan wani a gidan hankaka. Inda aka saɓa shi ne wa ya cuci wa. Ra'ayina ne, ba abin da aka tabbatar ba, amma ina kyautata zaton wani ne can da daɗewa ya ga hankaka na ciyar da ɗan tsuntsun da bai yi kama da shi ba, ya yanke masa hukuncin sata. Idon kakanninmu ya ga daidai. Hawa bishiya da ƙirga ƙwai ne suka wanke wanda ake zargi.

Irin wannan wasa yana faruwa a tsakar gidanku ma, ba sai an hau rimi ba. Ɗan ƙaramin jan tsuntsun nan da ke tsintar tsaki kusa da turmi, wanda ake kira baiwar Allah, namijin ja, macen ruwan ƙasa da ɗan ja a gindin jela, yana gina sheƙarsa a cikin jinka ko ramin katanga. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, mai farin baki da jan ƙafa, da za ka gani da damina a kan wayar lantarki yana ta rera kuka. Macensa a sheƙar baiwar Allah take saka ƙwai. Robert Payne na Jami'ar Mishigan, wanda ya yi aiki a arewacin Najeriya tun shekarun 1960, ya nuna cewa ɗan baƙon yana fitowa da irin zanen da ke cikin bakin 'ya'yan mai gida, don haka uwar riƙo ba ta bambance su, kuma idan ya girma kukan uban riƙonsa yake kwaikwayo. Da wannan kwaikwayo ne mace ke gane namijin da ya tashi a irin gidan da ta tashi. Duk wannan a cikin rufin ɗakin girki.

Gidan ma ya sauya

Tsakar gidan da Hartert ya gani ba ita ce ta yau ba. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga, ya kuma sauƙaƙa shigowar kwano da siminti. Jinka ta ragu, tsuntsayen da ke sheƙa a cikinta suka rage wurin zama. Tsattsewa kuwa ta ci riba, domin ƙarƙashin gada da baranda sun fi mata kogon dutse.

Babban sauyi shi ne na bishiya. Dogon yaro, ko darbejiya, ko bedi, ba ɗan ƙasa ba ne. Daga yankin Indiya ya fito, kuma a 1928 aka fara dasa shi a lardin Borno, daga nan ya bazu har ya zama shi ne inuwar kowane titi da makaranta da ƙofar gida. Ba na cikin masu zaginsa. Yana jure fari, yana ba da inuwa, 'ya'yansa na ciyar da jemagu da tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace, kurciya na sheƙa a kansa. Amma ganyensa na ɗauke da sinadarin da ke korar ƙwari, wanda shi ya sa ake zuba shi a rumbu. Bishiyar da ba ƙwari kuwa, ga tsuntsu mai cin ƙwari, kamar kasuwa ce da ba a kasa komai ba.

Tsakanin 2011 da 2019 wasu masu bincike 'yan Holan ƙarƙashin Leo Zwarts sun bi yankin Sahel daga Senegal har Habasha suna ƙirga tsuntsaye bishiya-bishiya. Sun tarar tsuntsaye masu cin ƙwari suna da zaɓe ƙwarai: sun taru a kan gawo da aduwa da sauran itatuwan ƙaya, sun ƙaurace wa yawancin sauran, har da dogon yaro. Bayanin da suka bayar shi ne itacen da ya kare kansa da ƙaya bai cika zuba guba a ganye ba, don haka tsutsa ta fi samun sa. Gawo kuma yana da wata baiwa da manomi ya daɗe da sani: da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore. Wato daidai lokacin da baƙi suka sauka.

Su wane ne baƙin? Su ne ƙananan masu ruwan ƙasan nan da na ce ku riƙe. An kiyasta cewa ƙananan tsuntsaye sama da biliyan 2 ke barin Turai kowace kaka su tsallake Sahara. Ɗaya daga cikinsu, mai farin maƙogwaro da fiffike ruwan tsatsa, Ingilishi na kiransa da sunan farin maƙogwaron nasa. Nauyinsa kusan giram 15 ne. A Ingila an fara ƙirga tsuntsayen gonaki duk shekara a 1962. A bazarar 1969 masu ƙirgar suka fita suka tarar kusan kashi uku cikin huɗu na wannan tsuntsu bai dawo ba. Aka yi ta neman dalili a gida, ko maganin ƙwari ne, ko sanyi. A 1974 wasu masana uku suka haɗa lissafin da na ruwan sama, suka gano matsalar tana nan wajenmu: damina ta gaza a Sahel a 1968. Farin da ya zo ya kashe dabbobi ya kori mutane daga gidajensu a 1972 da 1973, tsuntsun ya riga ya ba da labarinsa shekaru kafin nan. An ji labarin ne a Ingila domin can ne ake da littafin ƙirga. A nan inda abin ya faru, babu wanda ke riƙe da alƙalami.

Komawa ga ungulu

Abin da muka sani da lamba game da ungulu daga maƙwabta ya zo. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Barkina Faso da Mali da Nijar a mota yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973. Bayan shekara 30, a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan dai, a irin lokacin, da irin tsarin. Manyan ungulayen daji sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100 a wajen gandun da ake karewa. Ungulun gari, tamu ta kwata, ta ragu da kusan rabi. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ta a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana kama ta don tsibbu da magani, kuma binciken kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya nuna kaso mafi girma na wannan ciniki a Najeriya yake. Ana sa guba a mushe, wani lokaci don ita, wani lokaci don kura ko karnuka. A Gini Bisau tsakanin ƙarshen 2019 da farkon 2020 an kashe sama da 2,000. An sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Ita kuma ƙwai ɗaya tal take yi, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, ta yi watanni tana renon ɗan. Tsuntsuwar da ke haihuwa haka ba ta iya mayar da gurbin abin da ake kwasa.

Wani zai ce to, ina ruwanmu da ƙazamar tsuntsuwa? Indiya ta ba da amsa. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe sama da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ruwan sha ya gurɓace. Wani bincike na 2024 ya kiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Kiyasi ne, kuma yanayinmu ba irin nasu ba ne sak, amma aikin da ungulu ke yi ɗaya ne a ko'ina: cikinta na da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, kuma ba ta karɓar albashi. Gauraka ma, da ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, ta bi wannan hanya, yau da wuya ka gan ta a fadama.

Abin da ya rage a hannunmu

A ƙarshen 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar zuwa murabba'ai sama da 11,000, kowane kusan kilomita 9 a tsaye da kwance. Mai sa kai zai shiga murabba'i ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk irin da ya gani a manhajar BirdLasser. Matasan arewa sun yi rawar gani a aikin. Sai dai taswirar ta bi sawun tsaro: inda ba a iya shiga, nan ta fi zama fayau.

Mu faɗi gaskiya. Babu mai hankalin da zai tura ɗalibi dajin Sububu ko Dumburum da tabarau da littafi. Ko a bakin gari, mutumin da ke leƙe-leƙe yana rubutu yana iya shan tambayar da ba shi da amsarta, a ce infoma ne. Kada kowa ya sa ransa a haɗari don tsuntsu. Shi ya sa na ce tsakar gida. Kuma kada a raina ta. A Ingila tun 1979 ake wani ƙirge na shekara-shekara inda mutum zai zauna awa ɗaya a gidansa a watan Janairu ya rubuta abin da ya sauka. Da yara aka fara shi. Wannan zaman na awa ɗaya yana cikin abin da ya nuna cewa ɗan tsuntsun gidan da suka fi rainawa ya ragu da fiye da rabi.

A wurinmu, waɗanda suka fi kowa damar yin wannan su ne mata. Wadda ke surfe da bakace da shanya ta fi kowane farfesa sanin wa ke sauka da hantsi, wa ke zuwa da la'asar, wane wata ne baiwar Allah ke ɗaukar ciyawa zuwa jinka. Sai ɗaliban sakandare da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura. Kasko ɗaya na ruwa a inuwa, a watan Maris ko Afrilu, zai tara maka abin da ba ka zata ba.

Ban ce a dogara da waya kaɗai ba. Mutanen Zamfara sun ga yadda aka katse layukan sadarwa a Satumbar 2021. Littafin makaranta na leda ya fi aminci. A rubuta rana da unguwa da irin bishiyar, a rubuta sunan Hausa yadda ake faɗinsa a garin, da adadi. Wanda ba a san sunansa ba a siffanta shi: ya kai kurciya girma ko bai kai ba, bakinsa gajere ne mai kauri irin na masu cin tsaba ko siriri irin na masu cin ƙwari, a ƙasa yake ci ko a reshe. Ga masu shawagi, a duba jela: ta shirwa a tsage take, ta ungulu gajera ce, fiffikenta faffaɗa. Kuma a rubuta rashi. "Alhamis, kwatar Shinkafi, awa ɗaya, ungulu babu" bayani ne cikakke, irin wanda da an yi shi a 1985 da 1995 da yau ba mu tsaya musu a kan zamanin Babangida ba.

Daga Nuwamba zuwa Maris, in akwai gawo ko aduwa kusa da gida, a ɗaga kai a nemi ɗan mai farin maƙogwaron nan. Idan kuma yaro ya harbo wani da danƙo aka ga zoben ƙarfe a ƙafarsa, kada a jefar. A jikin zoben akwai lamba da sunan gari ko cibiyar da ta sa shi. A kwafe su daidai, a haɗa da ranar da wurin, a aika wa cibiyar Jos.